Tsakanin Wayo da Hankali: Amsa ga Wata Uwa a Tahoua

Tambaya: Malam, ina zaune a Tahoua, maigidana kuma yana Abijan wajen bida shekara shida ke nan. Ɗan farina yana da shekara 14, yana kolej. Kwanan baya ya ga wani saƙo a wayar baffansa, ya gane cewa kuɗin da mahaifinsa yake aikowa ta hannun baffan ba duka ne suke iso mana ba. Tun daga ranar yaron ya sauya, ya daina fara'a, ya ce manya duka maƙaryata ne, har ni ya fara tuhuma. A da yaro ne mai farar zuciya, abin da aka faɗa masa shi ke nan. Surukata ta ce in ƙyale shi, idan ya girma zai yi hankali. Shin farar zuciyar nan ta tafi ke nan har abada? Kuma da gaske ne shekaru kaɗai za su gyara shi?

Amsa: Malama, Allah ya shirya mana zuri'a baki ɗaya. Na shafe fiye da shekara ashirin ina koyar da ilimin halayyar yara ga masu shirin zama malaman firamare, kuma irin wannan tambaya ta sha zuwa mini daga iyaye, ko da yake kowace da siffarta. Zan fara da kalmominmu na Hausa, domin a cikinsu akwai rabin amsar.

Bahaushe ya raba wayo da hankali, bai taɓa haɗa su a ƙwarya ɗaya ba. Idan yaro ya fara gane mutane, ya san a ɓoye masa abu, ya san shi ma ya ɓoye, sai a ce ya yi wayo, shi ya sa babba yakan ce abu kaza ya faru tun bai yi wayo ba. Hankali kuwa daga baya yake zuwa, kuma ba kowa yake riska ba. Gizo na cikin gatana ya fi kowa wayo, amma ba a taɓa jin kaka ta ce wa jikanta Allah ya ba shi hankalin Gizo ba. Abin da ya sami ɗanki shi ne wayonsa ya yi tsalle guda cikin dare ɗaya, hankalinsa kuwa yana baya bai iso ba tukuna. Tazarar da ke tsakanin biyun ita ce kike gani a fuskarsa, kuma wuri ne mai zafi ga duk wanda ya tsaya a cikinsa.

Abin da kike kira farar zuciya, idan aka duba shi da kyau, abu biyu ne a cuɗe. Akwai son alheri da tausayi da ƙin zalunci, wanda hadisi ya nuna da cewa kowane abin haihuwa ana haifarsa a kan fiɗira. Akwai kuma rashin sanin cewa abin da ke cikin zuciyar wani yana iya saɓa wa abin da ke bakinsa. Na biyun nan dole ne ya tafi, kuma ya fara tafiya tun ɗanki yana ƙarami ba ki lura ba. A 1983 wasu masu bincike biyu a ƙasar Ostiriya, Heinz Wimmer da Josef Perner, sun gwada yara da ɗan labari: wani yaro ya ajiye cakulan a wuri ya fita, mahaifiyarsa ta ɗauke ta mayar wani wurin, to idan ya dawo ina zai duba? Ƴan shekara uku sukan nuna sabon wurin, domin a ganinsu abin da suka sani kowa ya sani. Sai wajen shekara huɗu zuwa biyar yaro yake gane cewa mutum yana iya riƙe abin da ba gaskiya ba a cikin kansa. Daga ranar da ya gane haka ya iya ɓuya da kyau a wasa, ya iya ƙarya mai kama hankali, ya kuma iya tausaya wa wanda aka ruɗa. Ƙofa ɗaya ce ta shigo da ukun, ba a iya buɗe ta ga ɗaya a rufe ta ga sauran.

Jean Piaget, masanin ƙasar Suwizalan da ya rayu daga 1896 zuwa 1980, ya wallafa bincikensa a kan yadda yara suke hukunta laifi a 1932. Yakan ba su labarin yara biyu, ɗaya ya tura ƙofa bai san akwai faranti a bayanta ba ya fasa kofi goma sha biyar, ɗayan kuma ya hau ɗaukar abin zaƙi a ɓoye ya fasa kofi guda. Ƙananan yara sukan ce mai goma sha biyar ya fi laifi, domin ɓarnar suke ƙirgawa. Sai wajen shekara tara ko goma suke fara tambayar niyya. Na sha sa ɗalibaina su gwada wannan a azuzuwan firamare na nan Tahoua, muna sauya kofi da ƙwaryar fura, kuma amsoshin sukan bi wannan sawu. Ba na ganin banza ne hadisi ya ce a umarci yaro da salla yana ɗan bakwai, a tsananta yana ɗan goma, domin a tsakanin shekarun nan ne yake koyon duba abin da ke bayan aiki. Daga shekara goma sha ɗaya ko sha biyu kuma sai wani sabon ƙarfi ya buɗe masa, ya iya auna abin da yake da abin da ya kamata ya kasance, ya iya ɗora maganar babba a kan aikinsa ya ga ko sun daidaita. Ɗan shekara 14 alƙali ne mai kaifin ido wanda bai taɓa zama a kujerar wanda ake tuhuma ba, shi ya sa hukuncinsa yake da tsauri haka.

Saboda haka ki lura da wani abu. Yaron da zuciyarsa ta lalace, idan ya gano baffansa yana taɓa kuɗin, abin da zai koya shi ne ashe haka ake yi, gobe ya fara rage canjin cefane. Naki ɗan fushi ya yi, fushinsa kuwa shaida ce cewa ɓangaren farko na farar zuciyar, wato ƙin zalunci, yana nan da ransa. Wanda ya tafi shi ne zaton cewa babba ba ya cin amana, kuma wannan ba zai dawo ba, ba na kuma fatan ya dawo, domin yaron Adar, wato yankin nan namu na Tahoua, da wataƙila wata rana zai hau mota zuwa Abijan ko Agadas yana ɗauke da wannan zato, ƴan damfara ne za su fara yi masa maraba a tasha.

Yanzu ga maganar surukarki. Ina girmama ta, kuma akwai gaskiya a cikinta. Sashen gaba na ƙwaƙwalwa, wanda ke bayan goshi, shi ne mai taka wa mutum birki da auna abin da zai biyo bayan aiki, kuma ba ya gama nuna sai wajen shekara 25, alhali sassan da ke kula da zafin rai da jin kunya a gaban tsara sun riga sun farka tun lokacin balaga. Don haka wani ɓangare na zafin ɗanki lokaci zai rage shi. Amma cewa shekaru da kansu suna kawo hikima, wannan ban yarda da shi ba, kuma addini da bincike duka ba su tsaya a kansa ba.

Dubi aya ta 6 a Suratun Nisa'i, inda aka yi maganar dukiyar marayu. An ce a jarraba su har su kai munzalin aure, sa'an nan idan an ga rushdi a tare da su, wato shiriya da iya riƙon al'amari, a miƙa musu dukiyarsu. Da balaga kaɗai ta isa, da ba a ƙara sharaɗi na biyu ba. Balaga tana da alamomi, kuma a mazhabar Malikiyya da muke bi, idan alamomin ba su bayyana ba ana ƙirga shekara 18. Rushdi kuwa ba a yanka masa shekara ba, sai an gwada an gani. Ko aya ta 15 a Suratul Ahƙaf da ta ambaci shekara arba'in, abin da ta nuna shi ne mutum ya kai cikar ƙarfinsa yana roƙon Allah ya kimsa masa godiya ya gyara masa zuriya, wato a wannan shekarun ma nema yake yi.

A birnin Balin na Jamus, Paul Baltes da abokan aikinsa a cibiyar bincike ta Max Planck sun shafe shekaru, tun daga wajen 1980 zuwa sama, suna auna hikima. Sukan ba mutum wata matsala ta rayuwa ya yi tunani a bayyane, ɗaya daga cikin waɗanda suka fi amfani da ita ita ce: yarinya ƴar shekara 15 tana son yin aure nan take, me ya kamata a duba? A wurinmu wannan ba tambayar takarda ba ce, tun da binciken ƙasa na 2012 ya nuna kashi 76 cikin 100 na matasan matan Nijar an aurar da su kafin shekara 18. Wanda ya yanke amsa da kalma ɗaya, ko e ko a'a, maki kaɗan yake samu. Mai maki da yawa shi ne wanda ya tambayi halin gidansu, da lafiyarta, da karatunta, da ko ita ke so ko tilasta mata ake yi, ya kuma yarda cewa akwai abin da ba zai iya hangowa ba. Abin da suka samu shi ne irin wannan tunani yana ƙaruwa da sauri tsakanin shekara 15 da 25, daga nan sai ya tsaya kusan wuri ɗaya, ta yadda a jimla ɗan shekara 70 bai fi ɗan 30 ba. Abin da ya bambanta mutane shi ne irin abin da suka gani a rayuwa, da buɗaɗɗen hali, da waɗanda suka zauna da su. Wannan ya dace da abin da kowa ya sani a unguwarsu: akwai dattijon da ake kai wa rigimar gado ya kashe ta da magana uku, akwai kuma tsararsa, furfura iri ɗaya, wanda in ya shiga magana sai ta ƙara ruruwa.

Wani gwaji nasu na 1996, wanda Ursula Staudinger ta yi tare da Baltes, shi ne ya fi tsaya mini a rai, kuma shi ya fi shafar ɗanki. An bar wasu su yi tunanin matsalar su kaɗai, wasu kuma aka ce su tattauna da mutumin da suka saba shawara da shi, sa'an nan a ba su ɗan lokaci su sake juya maganar a ransu kafin su amsa. Waɗannan na biyu amsoshinsu sun fi zurfi ƙwarai. Ashe ke nan abin da ke juya ɗacin rayuwa ya zama hikima shi ne samun wanda za a zauna da shi a warware abin, sa'an nan a samu sararin yin shiru a kansa. Idan babu wannan, abin da ya faru yakan daskare ya zama mugun zato, kamar yadda ake cewa wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Hadisi ya ce ba a saran mumini sau biyu a rami ɗaya, kuma rami ɗaya aka ce, ba a ce ya ɗauki duk faɗin ƙasa rami ba. Ɗanki a yanzu yana ganin kowa rami ne, aikin da ke gabanku shi ne ku taimake shi ya gane wane ne ramin, wane ne kuma tsumma.

Zan faɗa miki abin da ya faru da ni, domin ban koyi wannan a littafi kaɗai ba. A lokacin farin da aka yi a 1984 ina ɗan shekara 12 a ƙauyenmu. Duk lokacin da muka tambayi mahaifina, sai ya ce akwai hatsi a rumbu wanda zai kai mu damina. Wata rana da azahar na hau na ɗaga murfin, ban ga komai ba sai ƙaiƙayi a ƙasa. Na yi kwanaki ba na iya kallon fuskarsa, ina jin kamar ƙasa ta tsage, domin mutumin da na ɗauka ba ya ƙarya ya yi mini ita a kan abincin da za mu ci. Kakata ce ta lura. Ta kira ni bayan isha, ba ta ce mini idona ne ya ruɗe ni ba. Ta ce gaskiya ne rumbu ya ƙare tun wata biyu, ta faɗa mini abin da aka sayar, da inda ake aro, da dalilin da ya sa mahaifina yake fita kafin asuba, ta ce ya ɓoye ne don ƙannena su iya barci. Daga wannan dare ban ƙara ganinsa a matsayin wanda ba ya gazawa ba, amma son da na yi masa bayan haka ya fi na da nauyi, kuma washegari na bi shi daji neman abin da za a ba awaki biyun da suka rage. Da kakata ta ce mini yaro bai san komai ba, ina tsammanin da wani mutum dabam na zama.

Na san abin baffansa ya bambanta da wannan. Mahaifina ɓoyewa ya yi don ya kare mu, shi kuwa baffan, in abin da yaron ya gani haka yake, haƙƙinku ya taɓa. Wannan bambanci kansa darasi ne da ɗanki yake bukata, domin a yanzu ya zuba kowace irin rashin faɗin gaskiya a buhu ɗaya, har da shirun da ke kika yi don kiyaye zumunci.

Abu na farko da nake ba ki shawara shi ne kada ki ƙaryata shi, kada kuma ki bari a ƙaryata shi a gabanki. Idan abin da ya gani gaskiya ne, ki ce masa gaskiya ne. Idan kin daɗe da zargin haka kika yi shiru, ki faɗa masa, ki kuma faɗa masa dalili: matar da mijinta ba ya gari, tana zaune cikin danginsa, ba ta buɗe irin wannan magana ba tare da ta auna abin da zai biyo baya ba. Iyaye da yawa suna tsoron cewa amsa irin wannan zai zubar musu da girma, amma abin da na gani a shekarun aikina shi ne yaro mai wannan shekaru yana yafe gazawar da aka amsa, abin da yake riƙewa shi ne a raina masa hankali. Tun da ɗan fari ne, mai yiwuwa akwai alkunya tsakaninku da za ta hana doguwar hira, kuma ba na cewa ki karya al'ada da ƙarfi. Al'adar da ta sa kunya tsakanin uwa da ɗan fari ita ce ta buɗe ƙofar wasa tsakanin kaka da jika, don haka surukarki, wadda ta ce a ƙyale shi, tana iya zama wadda ta fi kowa dacewa ta zaunar da shi, idan kika roƙe ta cikin ladabi. Sai dai ki tuna baffan ɗanta ne, kuma idan kika ga abin zai yi mata nauyi, kawunsa na wajenki ko malamin da yaron yake girmamawa zai iya tsayawa a wurin.

Duk wanda zai zauna da shi, kada ya cika shi da wa'azi. Ya tambaye shi, ya saurara. Wasu masu bincike biyu, Igor Grossmann da Ethan Kross, sun nuna a 2014 cewa mutane sun fi yin tunani mai kyau a kan matsalar abokinsu fiye da tasu, kuma idan aka sa mutum ya kalli tasa matsalar kamar ta wani ce, tunaninsa yakan gyaru. Ana iya ce masa: da abokinka ne wannan ya samu, me za ka ce ya yi? Me kake ganin ya kai baffan ga haka? Wane ne kuma a cikin manyan da ka sani bai taɓa cin amanarka ba? Tambayar ƙarshen nan tana da amfani sosai, domin da bakinsa zai ambaci sunaye, kuma kowane suna yana rushe maganarsa ta cewa duka maƙaryata ne. Neman dalilin baffan ba wanke shi ba ne. Mai yiwuwa bashi ne ya ci shi, mai yiwuwa yana ganin ladan wahalarsa yake ɗauka, mai yiwuwa kuma son zuciya ne kawai, amma yaron da ya iya riƙe abu biyu a lokaci guda, cewa an yi ba daidai ba kuma mai yin mutum ne mai rauni, ya taka matakin farko na abin da muke kira hankali.

Sa'an nan a gyara abin da ya ɓaci a aikace, domin magana kaɗai ba ta isar yaro idan ya ga zaluncin yana ci gaba. Wannan nauyin manya ne, kada a bar shi ya zama shi ne mai kai ƙara ko mai fuskantar baffansa. Ke ce za ki sanar da maigidanki cikin natsuwa, shi kuma ya san yadda zai yi da ɗan'uwansa ba tare da an tona asiri a bainar jama'a ba. Yau ana iya aiko kuɗi da sunanki kai tsaye ki karɓa da katin shaidarki, kuma ana iya yin wannan sauyi ba tare da an zargi kowa ba. Ina kuma ganin alheri ne a ba yaron wani ɗan littafi ya riƙa rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, jika nawa aka aiko, nawa aka sa a hatsi, nawa a kuɗin makaranta, nawa a magani. Wanda ya riƙe lissafin gida wata uku zai san nauyin amana daga ciki, zai kuma san yadda kuɗi suke narkewa a hannun mai gaskiya ma. Gaisuwar baffansa kuwa kada ya bari, ki bayyana masa cewa gaisuwa haƙƙin zumunci ce, ba ta nufin an amince a sake ba shi riƙon kuɗi.

Akwai alamomin da idan kin gan su, kada ki jira. Idan ya wuce makonni yana ƙin abinci ko barci ya gagare shi, idan ya fara gudun makaranta, idan ya sauya abokai kika ji ƙishin-ƙishin ɗin tramol, idan ya fara maganar barin gari ko maganar cewa rayuwa ba ta da amfani, to a kai shi wurin likita, a kuma sanar da mahaifinsa a ranar. In babu waɗannan, ki sa ran wata biyu ko uku na ɗaurin fuska, da sauƙi yau da komawa gobe. Idan mahaifinsa ya kira waya, ki roƙe shi ya keɓe minti goma da yaron shi kaɗai, ya ce masa ya ji abin da ya faru, ya gode masa da bai ɓoye ba, ya kuma gaya masa cewa sauran maganar tana hannunsa shi uban.